Yadda ake zaɓen kamfanin rajistar domen, da yadda ake barinsa ba tare da shafi ko imel ya mutu ba

Karo na farko da na ɗauke domen daga wani kamfani na kai shi wani, na ɗauka na gama lafiya. Saƙo ya zo cewa ƙaura ta kammala, na buɗe shafin na ga yana hawa yadda ya saba, na rufe kwamfuta na kama wata sabgar. Sai bayan kwana biyu mai shafin ta kira ni hankalinta a tashe. Ta ce tun shekaranjiya ko imel ɗaya bai shigo mata ba, kuma masu hulɗa da ita suna ta ce mata duk abin da suka aiko yana dawo musu. Da na duba, layi biyu ne kacal ban kwafo ba daga tsohon gida, layukan da ke gaya wa duniya inda za a kai mata wasiƙa. Har yau ina jin nauyin abin, domin wasu saƙonnin ba su sake dawowa ba. Tun daga ranar na gane cewa ita kanta ƙaurar ba ta da wuya. Abin da ke karyewa shi ne kayan da ke rataye a jikin sunan, kuma a kansu zan fi daɗewa a nan.

Wa ke riƙe da me

Domen shi ne sunan da mutane ke rubutawa su iso shafinka, irin wanda ke ƙarewa da .com ko .org. Ba a sayensa a mallake shi har abada, haya ake yi shekara-shekara, kuma ga .com da ire-irensa ba a wuce shekara 10 a biya ɗaya. Hannu uku ne a cikin cinikin. Akwai mai babban kundi, wanda ke riƙe da jerin duk sunayen da ke ƙarƙashin ƙarshe ɗaya: Verisign ke da kundin .com da .net, Public Interest Registry kuma ke da na .org. Akwai kamfanin rajista, wanda kake biya shi kuma ya rubuta sunanka a kundin, irin su Namecheap, GoDaddy, Porkbun, Dynadot, Gandi da Cloudflare. Sai kai, mai hayar. A saman duka akwai ICANN, ƙungiyar da aka kafa a 1998 mai hedikwata a Los Angeles ta Amurka, wadda ke ba kamfanonin rajista lasisi kuma ta shimfiɗa musu dokokin ƙaura.

Kafin 1999 babu ma maganar zaɓi, kamfani ɗaya ne, Network Solutions, ke yi wa kowa rajistar .com. Da aka buɗe ƙofar gasa ne aka samu damar da muke magana a kanta. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, .com ɗin da ka karɓa a wannan kamfani da wanda ka karɓa a wancan duk kundi ɗaya suke shiga. Babu wanda nasa ya fi sauri ko ya fi daraja a idon Google. Bambancin yana cikin kuɗin sabuntawa, tsaro, da yadda za su yi maka ranar da ka shiga matsala.

Sannan a raba abu uku da mutane kan haɗe: rajistar sunan daban, masaukin shafi, wato hostin, daban, DNS kuma daban. DNS shi ne ɗan littafin da ke cewa shafin wannan suna yana saba kaza, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, imel ɗinsa kuma a kai shi wuri kaza. Kamfani ɗaya kan iya riƙe maka duka ukun, shi ya sa ake ganin kamar abu ɗaya ne. Ranar tashi ake gane ba haka ba ne.

Zaɓen kamfani

Fara da kuɗin shekara ta biyu, ka bar na shekarar farko. Da yawa sukan karya farashin shekarar farko don su jawo ka, sai lokacin sabuntawa ya zo ka ga an ninka. Araha ba ta ado. Nemo shafin da suka jera farashi, ka duba layuka uku: rajista, sabuntawa, da ƙaura. Idan ka sha wuya kafin ka gano kuɗin sabuntawa, to ɓoyewar ma ta ba ka amsa. Akwai layi na huɗu da kusan babu mai dubawa, kuɗin fanso, wato abin da za su caje ka idan sunan ya kuɓuce maka ya shiga matakin share shi. Yakan ninka kuɗin sabuntawa sau da dama, kuma kowane kamfani da nasa.

Na biyu, bincika ko kamfanin yana da lasisin ICANN da kansa ko dillali ne da ke sayar da hajar wani. Yawancin kamfanonin hostin dillalai ne, suna karɓowa daga manyan 'yan sari irin su OpenSRS ko Enom. Ba laifi ba ne, amma ka san cewa akwai wani a tsakaninka da mai lasisin, kuma idan dillalin ya rufe ko ya daina amsa saƙo, sai ka bi sawu ka gano wanda ke bayansa. Ganowar ba wuya: shiga lookup.icann.org, rubuta domen ɗinka, ka duba sunan da ke gaban Registrar. Wannan shi ne ainihin mai riƙe da kai, ko da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Na uku, tsaro. Kamfanin da ba ya ba ka damar sa matakin shiga na biyu bayan kalmar sirri, ni dai ba na ajiye suna a wurinsa. Ka fi son wanda ke karɓar manhajar da ke fitar da lambobi ko makullin tsaro na hannu a kan wanda ya tsaya ga saƙon waya kaɗai, domin ana iya sace layin mutum. Wanda ya shiga asusunka na rajista ya gama da kai: zai juya shafinka inda ya so, ya karɓe imel ɗinka, sannan ya yi amfani da imel ɗin ya sauya kalmomin sirrin sauran asusunka ɗaya bayan ɗaya.

Sauran abubuwan dubawa ba sa buƙatar dogon bayani. Ɓoye bayananka daga kundin jama'a, inda kowa ke iya duba bayanan rajistar suna, bai kamata ya zama da kuɗi ba. Tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018 kamfanoni da yawa suke yin sa kyauta. Ka lura da kwandon sayayya kafin ka biya, wasu kan cusa maka kayan da ba ka nema ba an riga an sa musu alama. Ka kuma aika wa sashen taimakonsu tambaya ɗaya tun kafin ka zama abokin cinikinsu, ka ga awa nawa za su ɗauka, kuma mutum ne ya amsa ko rubutaccen jawabi aka manno maka.

Akwai sharuɗɗan da sai ka karanta za ka gani. Cloudflare, misali, yana sayar da rajista a kan kuɗin da shi ma ya biya ba tare da ɗora riba ba, amma dole DNS ɗinka ya zauna a wurinsa, ba za ka iya nuna sunan ga sabobin wani ba. Ga wanda dama can yake, wannan garaɓasa ce. Ga wanda ke son yawo da DNS ɗinsa, ƙangi ne.

Kuma kada girman kamfani ya sa ka saki jiki. A 2023 Google ya sayar wa Squarespace sashensa na Google Domains, masu sunaye suka wayi gari a gidan da ba su zaɓa ba. A 2007 ICANN ta ƙwace lasisin RegisterFly bayan mutane sun kasa sabunta sunayensu ko fitar da su, daga baya aka miƙa sunayen ga GoDaddy. Shi ya sa tambayar da na fi yi wa kowane kamfani ita ce: idan na tashi tafiya, maɓalli nawa zan danna? Wanda ya sa hanyar fita a fili, shi ne nake yarda in shiga.

Maganar da ta fi dukkan waɗannan: sunan wa ke kan rajistar? Na sha ganin mai sana'a ya ba wani kuɗi ya gina masa shafi, shi kuma mai ginin ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa a cikin asusunsa. Ana zaune lafiya shekara biyu, uku, ranar da aka saɓa ko mai ginin ya ɓace, sai mai sana'a ya tarar ba shi da ko takarda ɗaya da ke nuna sunan nasa ne. A idon kamfanin rajista, wanda aka rubuta shi ne mai abu. Ka buɗe asusu da kanka, ka biya da kanka, sannan ka ba mai ginin iznin taɓa DNS kawai. Idan an riga an yi kuskuren, ka nemi ya turo maka sunan zuwa asusunka tun ana dariya. Turawa daga asusu zuwa asusu a cikin kamfani ɗaya ba ƙaura ba ce, yawanci kyauta ce kuma ba ta daɗewa.

Mataki na 1: duba ko sunan zai iya tashi yanzu

Koma lookup.icann.org. Abu uku kake nema: ranar da aka yi rajista, ranar da wa'adi zai ƙare, da layin Domain Status. A layin nan za ka ga kalmomi a manne da juna. Idan ka ga clientTransferProhibited, kwaɗon da kamfaninka ya sa ne, kai za ka iya cire shi. Idan serverTransferProhibited ne, daga mai babban kundi yake, maɓallin asusunka ba zai buɗe shi ba. Idan kuwa ka ga redemptionPeriod, to sunan ya riga ya faɗi, sai ka fanso shi a tsohon kamfanin kafin a yi zancen tafiya.

Akwai kwana 60 iri uku da kan tsayar da mutum. Sunan da bai cika kwana 60 da rajista ba, kamfani na da ikon hana shi fita. Haka wanda bai cika kwana 60 da ƙaurar baya ba. Na ukun shi ne tarkon da ya fi kama masu shiri: sauya sunan mai rajista, ko sunan ƙungiya, ko imel ɗin rajista, kan jawo kullen kwana 60. Mutum ya ce bari in gyara bayanaina tsaf kafin in tashi, ya sauya imel, sai ya kulle kansa wata biyu da hannunsa. Wasu kamfanoni kan sa ɗan akwati a lokacin gyaran, inda za ka zaɓi kada a kulle, amma sai ka zaɓa kafin ka tabbatar da gyaran, ba bayansa ba. Saboda haka, idan tsohon imel ɗin yana hannunka, bar shi yadda yake, ka ƙaura, ka gyara a sabon gida. Idan ya mutu kuma dole a sauya shi, nemi akwatin zaɓin nan tukuna.

Sai lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara aikin saura wata ɗaya ko biyu wa'adi ya ƙare. A ƙa'idar ICANN, kamfani ba shi da ikon hana ka tafiya don kawai wa'adin ya ƙare, amma da zarar ya ƙare yawanci sukan ɗauke shafinka su sa tallarsu, imel ya tsaya, kana kuma tsakiyar ƙaura ba ka iya gyara komai. Wani abin lura kuma: idan wa'adi ya ƙare aka sabunta, sannan ka ƙaura cikin kwana 45 da ranar ƙarewar, shekarar da ka biya wa tsohon kamfanin tana iya salwanta, domin mai kundi kan mayar masa da kuɗin ya soke ta. Idan haka ta same ka, ka jira kwana 45 ɗin su wuce.

Mataki na 2: kwashe DNS kafin ka taɓa komai

Nan ne gaɓar da na faɗi. A shafin binciken nan, duba layin Nameservers, wato sabobin suna. Sunayen da ke wurin za su gaya maka wa ke riƙe da DNS ɗinka. Idan na kamfanin hostin ne ko na wani mai hidimar DNS daban, ka huta: ƙaurar rajista ba ta taɓa su, za su bi sunan zuwa sabon gida yadda suke, shafi da imel ba za su ko girgiza ba. Idan kuwa na kamfanin da za ka bari ne, to kana da aiki, domin da zarar ka fita daga hannunsa ba shi da wani dalilin ci gaba da amsa tambaya a madadinka. Wasu kan bari na ɗan lokaci, wasu kan goge nan take.

Buɗe teburin DNS a tsohon asusun ka kwafe shi layi-layi. Idan akwai maɓallin fitar da fayil ɗin gaba ɗaya, yi amfani da shi, sannan duk da haka ka ɗauki hoton allon. Ga abin da za ka gani. Layin A yana ɗauke da lambar sabar da shafinka yake, AAAA kuma irinsa ne na sabon tsarin lambobi. CNAME laƙabi ne, shi ke cewa www daidai yake da wuri kaza. MX su ne masu karɓar wasiƙa, kowanne da 'yar lamba a gefensa, 10 ko 20 misali, mai nuna wanda za a fara gwadawa. Ƙaramar lamba ita ce gaba. Sai layukan TXT, waɗanda suka fi kama da shirme a ido amma su ne shaidar imel ɗinka: wanda ya fara da v=spf1 yana faɗin sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunanka, na DKIM dogon zaren haruffa ne da ke zaman sa hannu, na DMARC kuma yana gaya wa masu karɓa abin da za su yi da saƙon da bai ci jarrabawa ba. Idan ka manta MX, saƙo ba zai shigo ba. Idan ka manta TXT, naka ne zai riƙa faɗawa akwatin tarkace na mutane, kuma wannan ya fi muni don ba wanda zai gaya maka da wuri. Zaren DKIM kada ka rubuta shi da hannu, kwafa ka manna, harafi ɗaya ya ɓace an tashi a banza.

Wasu sababbin masu DNS kan ce za su leƙo su kwaso maka layukan da kansu. Suna taimakawa, amma zato suke yi, sunayen da aka saba kawai suke gwadawa. Ƙananan rassan sunan, wato masu wata kalma kafin sunan kamar yadda www yake, irin wanda ka buɗe wa wata manhaja shekara uku da suka wuce ba lallai su gan su ba. Ajiye hoton allon a gefe, ka bi da yatsa.

Ka kuma tambayi kanka wace hidima ce tsohon kamfanin ke yi maka a ɓoye. Tura imel daga adireshin domen zuwa akwatinka na Gmail, ko juya wani tsohon suna zuwa sabon shafi, ba layukan DNS ba ne zalla, hidima ce ta kamfanin, kuma tana mutuwa ranar da ka fita. Idan akwatin imel ɗin kansa a wurinsu yake, sauke duk wasiƙunka tukuna ka tanadi sabon masauki.

Idan ka kunna DNSSEC, wato tsarin da ke sa wa amsoshin DNS hatimin tabbatarwa, kashe shi kafin ka sauya sabobin suna. Cire layin DS, wanda ke nuna hatimin a kundi, a asusun rajista, ka ba shi kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ka ci gaba. In ba haka ba, kundin zai ci gaba da nuna tsohon hatimi alhali sabon DNS yana sa wani daban, sai sabobin da ke duba hatimin su ɗauka jabu ne su ƙi buɗe shafin gaba ɗaya.

Da ka gama jera layukan a sabon wuri, koma tsohon asusun ka sauya Nameservers zuwa sababbin, tun sunan yana hannun tsohon kamfanin. Jira awa 48, domin har tsawon haka wasu sabobi a duniya kan riƙe tsohon bayanin .com. Kada ka goge tsohon teburin a wannan tsakani, bar su biyun suna ba da amsa iri ɗaya. Gwada shafin da www da kuma babu www. Aika wa kanka imel daga wani akwati na waje, ka kuma aika daga ciki zuwa waje. Sai komai ya zauna sannan ka wuce gaba. Dalilin wannan jeri shi ne, da zarar ƙaura ta fara, yawanci ba a iya sauya sabobin suna har ta ƙare, kuskure a lokacin yana nufin kwana biyar kana kallo.

Wasu kamfanonin rajista ba sa buɗe maka teburin DNS sai sunan ya iso hannunsu. Idan sabon naka haka yake, ajiye DNS a wuri na uku, ko hostin ɗinka ko mai hidimar DNS na daban. Ni ma haka na fi so ko babu dole, domin ƙaura ta gaba ba za ta shafe shi ba.

Mataki na 3: cire kwaɗo, karɓi lambar ƙaura

A asusun tsohon kamfanin, nemo maɓallin Transfer Lock ko Registrar Lock ka kashe. Sannan ka nemi lambar ƙaura, wadda za ka gani da sunan Auth Code, EPP Code ko Authorization Code, duk abu ɗaya ne. Wasu kan nuna ta nan take a allo, wasu kan aika ta imel ɗin rajista. Idan sai an roƙa, dokar ICANN ta ba su kwana 5 su ba ka. Za su iya tare ka da rangwame ko tambayar me ya sa za ka tafi, ba dole ka amsa ba.

Lambar nan makullin gida ce. Duk wanda ya riƙe ta alhali kwaɗo a buɗe yake zai iya ɗauke sunan. Kada ka tura ta a zauren hira, kada ka ba wanda ya kira ka a waya ya ce daga kamfani yake. Wajen kwafa, kula da manya da ƙananan haruffa, da kuma ɗan filin da kan maƙale a ƙarshe. Shi ne sanadin mafi yawan "lamba ba daidai ba" da na taɓa gani.

Mataki na 4: fara daga sabon gida

Daga sabon kamfanin ake jawo suna, ba daga tsohon ake tura shi ba. Shiga sashen Transfer, rubuta domen, manna lambar, biya. Kuɗin da ka biya ba na banza ba ne, ga .com, .net da .org shekara ɗaya ake ƙara maka a kan ragowar wa'adinka. Idan saura wata 7, za ka koma shekara 1 da wata 7, ba ka yi asarar ko kwana ɗaya ba. Idan aka tambaye ka game da sabobin suna, zaɓi a bar waɗanda ke kai, kada ka bari a maye su da nasu na kai tsaye, wanda teburinsa fanko ne.

Mataki na 5: jira, ko ka gajarta jiran

Yanzu matsayin sunan zai koma pendingTransfer. Tsohon kamfanin zai aiko maka imel yana sanar da kai. Karanta shi da kyau, domin a wasu saƙonnin mahaɗin da ke ciki na soke ƙaura ne, ba na amincewa ba. Idan bai ce komai ba cikin kwana 5, mai kundi zai sake sunan da kansa. Wasu kamfanoni na da maɓallin amincewa a cikin asusu, wanda kan mayar da kwana biyar ya zama 'yan mintuna.

Idan aka ƙi, dole su faɗa maka dalili, kuma dalilan da doka ta yarda da su ƙididdigaggu ne: alamar zamba, shari'a ko umarnin kotu a kan sunan, taƙaddama kan waye ainihin mai shi, bashin wa'adin da ya gabata, ko ɗaya daga kwana 60 ɗin nan. Bashin hostin ko wata hidima daban ba hujja ba ce ta riƙe maka suna. Idan kamfani ya ƙi ba ka lamba ko ya ƙi cire kwaɗo ba dalili, ajiye duk saƙonnin da kuka yi, ka shigar da ƙorafin ƙaura a shafin ICANN, sashen da ke bin kamfanoni kan cika yarjejeniya.

Wannan duk na sunaye irin .com ne. Masu ƙarshen ƙasa, kowace ƙasa da dokarta, ICANN ba ta shimfiɗa musu wannan tsari ba. A .uk na Birtaniya, wanda Nominet ke riƙe da shi, ba a ma amfani da lambar ƙaura: sabon kamfani zai ba ka alamarsa da ake kira IPS tag, ka kai wa tsohon ya sauya, kuma ba a ƙara shekara don an ƙaura. Karanta ƙa'idar mai kundin ƙasar kafin ka fara.

Bayan an sauka

Ranar da sunan ya iso, mayar da kwaɗo, kunna matakin shiga na biyu, ka ajiye lambobin ko-ta-kwana, waɗanda za ka shiga da su idan wayar ta ɓace, a wurin da ba wayarka ba. Duba ranar ƙarewa ta ƙaru da shekara. Idan imel ya zo yana neman ka tabbatar da adireshinka, danna shi a ranar. Wanda ya yi biris da shi kwana 15 ana iya dakatar masa da sunan, shafi da imel su ɗauke lokaci ɗaya. Mayar da DNSSEC idan da ma kana da shi. A tsohon asusun kuma, kashe duk wani biyan kai tsaye da ya rage, amma kada ka rufe asusun sai ka sauke rasitanka.

Imel ɗin da ka yi rajista da shi kada ya zama na domen ɗin kansa. Idan sunan ya faɗi, akwatin ya faɗi tare da shi, kuma can ne za a riƙa aika maka gargaɗi da hanyar sauya kalmar sirri. Yi amfani da adireshi na waje wanda kake buɗewa kullum.

Kunna sabuntawa ta kai tsaye, amma kada ka jingina da ita kaɗai, katin banki ma wa'adinsa na ƙarewa. A Disambar 1999 Microsoft da kansa ya bar passport.com ya faɗi, masu Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, sai da wani mutum daga waje ya biya kuɗin sabuntawar. Doka ta wajabta wa kamfani ya tuna maka saura kamar wata ɗaya, da saura kamar mako ɗaya, da kuma bayan ƙarewa, amma ka sa taka tunatarwar a kalanda saura kwana 60. Sunan da ya faɗi kan samu ɗan sassauci da bai wuce kwana 45 ba, tsawonsa ya danganta da kamfani, wasu ma kan sa shi gwanjo a cikin wannan lokaci. Daga nan sai kwana 30 na fanso mai tsada, sai kwana 5 da ba mai iya taɓa shi, sannan a sake shi ga duk wanda ya riga, kuma akwai masu na'urorin da ba su da aiki sai jiran wannan daƙiƙar. Sunan da sana'arka ta dogara a kai, biya masa shekara 3 ko 5 gaba ɗaya.

Za ka kuma fara samun wasiƙu masu kama da takardar biya, suna cewa domen ɗinka na gab da ƙarewa, danna nan ka sabunta. Wasu na masu satar kalmar sirri ne, wasu na kamfanonin da ke son ka sa hannu a ƙaura zuwa wurinsu ba ka sani ba. Kada ka bi mahaɗin. Rubuta adireshin kamfaninka da hannunka, shiga asusu, ka duba ranar a can.